Kwalabe huɗun da babu su a Salaga

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Tamale, mu uku: ni, direba, da wata abokiyar aikina. Damina ta kankama, hanyar Salaga duk kududdufi, mota tana rangaji kamar jirgin ruwa. A bakin hanya muka sha koko da ƙosai, direba yana mitar ƙosan bana ya rame amma kuɗinsa ya yi ƙiba. Ban iya dariya ba.

Ni na gina wa wata ƙungiyar ƙananan asibitoci shafin intanet mai nuna inda ake da maganin dafin maciji. Saboda netwok ɗinmu ba shi da tabbas, na sa shafin ya riƙa ajiye kwafin adadin kwalaben maganin a cikin waya, ya nuna shi nan take. Da hannuna na rubuta cewa kwafin ya yi kwana guda kafin a sabunta shi. Sai ga saƙo cewa shafina yana ƙarya.

A Salaga doya ta cika kasuwa, manyan motoci na lodi zuwa Kumasi. Sistar da ke kula da ɗakin magani ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta juyo mini da kwamfutarta, ga sifiri.

"Malam, ranar da maganin nan ya ƙare da safe na shigar," in ji ta. "Amma da la'asar aka kawo mini mutum a kan babur, wai shafi ya ce ina da kwalba huɗu. Me zan ba shi?"

Na gwada a gabanta. Ta canza adadi, wayar abokiyar aikina ta ci gaba da nuna tsohon. Sabon bayani yana isa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, lafiya, amma babu abin da ke gaya wa wayoyi su zubar da na jiya.

Muka kama hanyar Yendi ta Bimbilla, jar ƙasa da gonakin doya hagu da dama. A wani ƙauye muka tsaya, inda mutumin ya fito. Ma'aikacin ɗakin shan magani na garin ya ba mu labari. Kububuwa ce ta sari manomin yana noma. Da ma'aikacin ya duba shafi, ya ga Salaga huɗu, Yendi babu. Ashe da hantsin ranar an kai sabon magani Yendi, har an shigar, wayarsa ce ke riƙe da tsohon kwafi. Yendi ta fi kusa. Suka tafi Salaga, suka juyo za su Yendi, manomin ya cika a hanya, yayansa na riƙe da shi a bayan babur.

Muka je gaisuwa. Na zauna a tabarma na gaya wa yayan, wani dattijo, cewa ni ne mai shafin. Ya daɗe yana dubana.

"Ɗana, kwanansa ne ya ƙare," ya ce. "Amma ka gyara abin naka. Shi ya bar yara biyar."

Da za mu tashi ya sa aka ɗora mana doya a mota. Na so in ƙi, direba ya taka mini ƙafa. Muka ƙarasa Yendi.

Yendi gari ne na babura, kowa yana sauri. Aka kawo mana tuwo da miyar ayoyo, na ɗan taɓa, na buɗe kwamfuta. Na gyara yadda duk wanda ya canza adadi, saba za ta goge tsohon kwafi nan take. A ƙarƙashin kowane adadi kuma shafin zai rubuta lokacin da aka samo shi, in ya tsufa ya koma ja. Layuka kaɗan ne. Ban kai awa biyu ba na gama, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Washegari muka hau tudun Nakpanduri muka gangara Bawku, shingen jami'an tsaro bayan shinge, ana sauke mu ana duba jaka. Zabi gasassu da albasa ko'ina. A asibitin da muka je, netwok ya ɗauke tun safe. Wayar ma'aikaciyar da muka tarar ba ta ko karɓi gyarana ba, tsohon shafin take buɗewa da tsofaffin adadi. Na fara yi mata bayani, ta katse ni a hankali.

"Malam, mun ji abin da ya faru. Yanzu kiran juna muke yi. In na ji muryar mutum, na san maganar yau ce."

 Na jira netwok har yamma, na sa mata gyaran, na kuma san ba za ta buɗe ba.

Mun dawo Tamale ta Bolgatanga a rana ta huɗu. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, na ji tsoron mutane su jira shafi ya buɗe, ban ji tsoron ya gaya musu abin da ya wuce ba. Da shafin ya ce bai sani ba, da ma'aikacin ƙauyen nan ya buga waya Yendi. Gyaran yana aiki yanzu, amma asibitoci biyu kaɗai ke shiga shafin, ni kuma kullum da safe nakan kira sauran ɗaya bayan ɗaya in tambaye su adadin da baki.