Mutumin da Ya Iya Mutuwa

A duk garin Tolliver babu wanda ya kai Delmer Pruitt iya mutuwa. Mai aski ne, shagonsa na kan titin da har yau ake kira Bakin Ruwa, ko da yake kogin ya juya wa garin baya tun zamanin kakanni, ya karkata ya bi ta wani wuri, ya bar matsayar jiragen ruwa tana kallon gonar wake. Abin da ya rage wa garin shi ne tudun da aka gwabza a kansa lokacin yaƙin basasa. An share shi, an jera igwa, an kafa duwatsun tunawa, baƙi na zuwa su zagaya a mota, ko gilashi ba sa saukewa.

Duk shekara idan zafi ya kama, mazan garin kan sa kayan sojan da, wasu shuɗi wasu ruwan toka, su sake yaƙin a wasan kwaikwayo, da albarushi ba harsashi. Matsalar ita ce kowa na son harbi, ba mai son faɗuwa. Sai ka ga ƙato da tumbi an auna shi da igwa, yana nan tsaye ƙiƙam yana gyara hula. Delmer kuwa tun yana saurayi, da an yi harbin farko zai dafe ƙirji, ya ja taku, ya kife. Zai kwanta cikin rana, tururuwa na yawo a wuyansa, ko yatsa ba ya motsawa. Mutane har tafi suke masa.

Da sanyin bara aka kawo ɗansa tilo, Wendell, daga wani yaƙi na gaske a ƙasar waje, cikin akwati lulluɓe da tuta. Earline, matar Delmer, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Shi kuwa ya laluba cikinsa bai taras da komai ba. Washegarin jana'iza ya buɗe shago. Abokai suka ce jarumta ce. Ba jarumta ba ce, jikinsa ne duka ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Da lokacin wasa ya matso, Earline ta tarar da shi yana goge maɓallan rigar sojansa.

"Delmer, ba dai zuwa za ka yi ba?"

"Suna buƙatar gawa."

"Mun ba su ɗaya ai." Ta tsaya tana jira, bai ɗago ba. "To ka ji da kyau. In ka je ka kwanta a filin nan, wajen yayata zan koma, kuma ba ziyara ba."

Ya ji ta sarai, ya kuma san ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ranar Asabar ya sa rigarsa ya fita zuwa filin wasan.

"Ga marigayi nan!" in ji Hoyt, maƙwabcinsa mai sayar da kayan gini, bakinsa cike da soyayyen kifi. Sai ya tuna da Wendell, ya haɗiye sauran maganar tare da kifin.

Igwa ta tashi. Delmer ya faɗi, fuskarsa cikin ciyawa. Nan ne kaɗai, tun da aka kawo akwatin, yake iya tunanin yaron. Ko shi ma ƙasa ya fara gani? Ko ya ji ana ta gudu ta gefensa? Bai ji baƙin ciki ba ko a nan, amma dai ya ji yana kusa da inda baƙin cikin yake, shi ya sa ya zo.

Da hayaƙi ya lafa aka busa begila, shugaban wasa ya daka tsawa kamar yadda aka saba rufewa: "Matattu su tashi!" Filin ya motsa. Samari suka miƙe suna kakkaɓe wando suna dariya, iyayensu mata na miƙa musu shayi mai ƙanƙara ta saman igiyar 'yan kallo. Delmer ma ya miƙe, don an ce a miƙe.

Earline na tsaye a bakin igiyar, makullin mota a hannu. Ba ta taɓa zuwa kallon wasan ba.

"Haka ake yi dama?" ta ce. "Kira kawai ake, su tashi?"

"Haka ake yi."

"Kowa ya tashi, Delmer. Har kai."

Ya bi ta zuwa wurin ajiye motoci. Akwatunanta na kujerar baya. Ta shiga, ta sauke gilashi, ba ta tayar da motar ba. Ya gane dama take ba shi. Abin da ya kamata ya faɗa yana nan, abin da yake nema a cikin ciyawar nan, magana ce da ba ta da tsawo. Ya buɗe baki.

"Tayar baya ba iska sosai," ya ce. "Ki tsaya a gidan mai."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyaɗa kai ta murɗa makulli.

Yana tsaye har motar ta sauka daga tudun. Hoyt ya ƙaraso a hankali, hula a hannu.

"Akwai wasan yamma fa. Amma in ba ka iyawa, sai a nemi wani."

"Zan iya," in ji Delmer. "A ina kuke so in faɗi?"