Rasmane Tapsoba, Mai Hoton 'Yan Tseren Kudugu

Duk Lahadin da ake tseren keke a Kudugu, kafin alƙalai su gama ɗaura igiyar ƙarshen tsere, Rasmane Tapsoba ya riga ya zaga hanyar a kan tsohon babur ɗinsa, kyamara rataye a wuya. Shi ba ya bin 'yan tsere. Wuri ɗaya yake zaɓa, ko kwana ko bakin gada, ya tsuguna ya duba inda rana take faɗowa. Sai ya ƙwala wa Delfin Pare kira, mai sayar da shinkafa da wake a bakin hanya.

"Ke baiwata, ajiye ludayin nan ki zo ki tsaya min a kan kwalta."

"Ji bawa da iko! Yaushe Bamoshe ya fara aiken 'yar Samo? Wakena zai ƙone."

"Da ma can a ƙone kike sayar mana da shi. Matsa gaba kaɗan."

Wasan da ke tsakanin ƙabilunsu ke nan, kowa na kiran ɗaya bawansa. Tana mita take tsayawa. Shi kuwa ya yi ta murza idon kyamara har zanen da ke jikin zaninta ya fito tar, sannan ya sallame ta. Daga nan ba ya sake taɓa saitin. Idan kekunan suka taso kamar iska, sai ya jira tayar gaba ta taka daidai inda Delfin ta tsaya, ya danna.

"Keke ya fi hannuna sauri," yakan ce. "In na bi shi, dishi-dishi zan samu. Gara in riga shi zuwa wurin in jira."

Haka ya yi fiye da shekara talatin. Da wuya ka shiga gidan ɗan tsere a garin nan ba ka ga aikinsa a bango ba. Amma abin da aka fi ba da labari shi ne na Salfo Nikiyema, mai faci a bayan tasha.

Salfo ya tsufa a kan keke bai taɓa cin tsere ba. Da gwiwarsa ta fara kumbura, likita ya ce ya haƙura. Ana jibi tserensa na ƙarshe ya shigo shagon Rasmane, ya daɗe yana kallon hotunan zakaru kafin ya buɗe baki.

"Baba Rasmane, yarana sun ɗauka yawo nake zuwa. Kullum in dawo da gumi, ba kofi, ba hoto. Ko a tsakiyar ayari ne, ka ɗauke ni sau ɗaya."

Rasmane bai yi masa alkawari ba. Wata jarida ta Wagadugu ta riga ta ba shi aikin ɗauko wanda zai zo na ɗaya a bakin igiya, kuma irin wannan aikin ne ke riƙe da shagon. Sai dai ya daɗe da lura cewa a hawan tudun da ke bayan madatsar ruwa ba mai kamo Salfo. Sai an sauko fili ƙarfinsa yake ƙarewa. Tudun kuwa yana da nisa da igiya, mutum ba zai tsaya a duka biyun ba.

Ranar Lahadi aka neme shi a bakin igiya aka rasa. Yana kan tudu, ya goyo Delfin a babur, ta bar wa maƙwabciyarta tukunya.

"In jaridar nan ta kore ka, kada ka zo min da yunwa," ta ce, tana tsaye a kan kwalta.

"Tsaya cak, kina rawa."

Da ayarin ya ɓullo, wani saurayi ne a gaba, Salfo na biye yana taka feda da ƙyar. Delfin ta dafe kai. Rasmane bai motsa kyamara ba, bai danna ba. Saura kaɗan su iso sai Salfo ya miƙe tsaye a kan feda, haƙora a cije, ya wuce saurayin. Daidai inda Delfin ta tsaya ɗazu ne, sai Rasmane ya danna.

Salfo ya ƙarasa tseren ne a ƙasa, yana tura kekensa, an fara kwance igiya. Jaridar ba ta sake neman Rasmane ba. Hoton kuwa yana rumfar faci har yau: Salfo a gaba, jijiyoyin wuyansa a tsaye, sauran duk a bayansa. Babbar 'yarsa ce take goge masa ƙura, kuma bana ta shiga tseren mata.

Ƙarshen watan nan Rasmane zai rufe shago, domin ido ya fara gazawa.

Baba Rasmane, kai ne mai haƙurin jira a rana. Kai ne ka san cewa wanda bai ci tsere ba ma yana da wurin da yake gaba, ka je can ka tsaya masa. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma matasa masu sababbin kyamarori, ku leƙa shagonsa kafin ya sa kwaɗo. Ku tambaye shi yadda ake zaɓar wuri, da kuma wanda ya kamata a tsaya dominsa.