Duwatsun Gonar Ladi

Kakarmu, wadda muke kira Iya, ba haifaffiyar Bauchi ba ce. Aure ne ya sauko da ita Ƙofar Dumi daga wani ɗan gari na kan tsauni da ake ce wa Dutsen Kurciya, kuma har Allah ya karɓi ranta ba ta daina yi mana gori da shi ba. Da damina, in an idar da sallar isha'i, mukan taru a madafa tana gasa mana masara a bakin murhu. Sai ta juya guda ɗaya, ta ce, “Ga ta nan tana gangarowa.” Mu kuma mu ce, “Ta sauko mu ji ta.”

Garin nasu, in ji ta, hawa-hawa yake. Sayawa da Jarawa ne a sama, suna noman acca da dawa a 'yan gonakin da aka tokare da shingen duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Fulani suna gefen tsauni da shanunsu, Hausawa a gindi wajen kasuwa. Da masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, in biki ya tashi a gidan kowa, liman ake kira ya yanka akuya don kowa ya sa hannu a ƙwarya. “Mutanenmu ba su iya faɗa ba,” in ji Iya, “amma mantuwa ma ba su iya ba.”

Labarin da ta fi so shi ne na Ladi, wata mace daga cikin Sayawa. Mijinta ya ƙare ƙarfinsa wajen jera shingen gonarsu, da ya rasu kuma aka binne shi a gefen gonar. Wani rani ta tafi ƙauye jegon 'yarta. Kafin ta dawo, wani baƙon ɗan kasuwa mai suna Ɗanliti ya tura jakuna sun kwashe shingen kaf, ya aza harsashin shagonsa da shi. Ladi ta sauko ta same shi.

“Malam Ɗanliti, duwatsun nan mijina ne ya jera su.”

“Dutse yana da uba ne? Haba baiwar Allah, ki ɗaga kai ki duba. Dutse ya ƙare a garin nan?”

Ruwan farko da ya sauka ya tafi da ƙasar gonar da irin da ta shuka, ya kuma tone kabarin. In Iya ta zo nan sai ta ajiye masarar, muryarta ta yi ƙasa. Da hannu, ta ce, mutane suka bi gangare suna tsince abin da ya rage na bawan Allah, suka mayar da shi makwancinsa.

Sau uku liman yana zuwa wurin Ɗanliti yana roƙonsa ya mayar da duwatsun ya nemi gafara, sau uku yana dawowa da kunya. Sai aka kira gayya. Gari duka ya hau, kowa da yarensa a baki da dutse a ka, aka sake jera shingen. Kowane shinge akan bar masa kafa inda ruwa zai fita ya bi kwarin da ya saba. Da aka zo wurin kafar, Ladi ta ce a bar mata, ita za ta ƙarasa. Ta matsar da ita taku biyu zuwa gabas. Duk wanda aka haifa a tsaunin nan ya san inda gangaren gabas yake ƙarewa. Masu gayya suka duba, suka koma aikinsu.

Da ruwa ya zauna sosai, wata Bafillatana mai kai nono gidan Ɗanliti ta ce wa matarsa ta riƙa kwana da yara a gidan 'yan'uwanta. Ba a yi mako ba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya sauko ta sabuwar kafa, ya daki bayan shagon, ya narkar da gishiri da sukari, ya ja atamfofi cikin taɓo, bango ya zube. Ba a rasa rai ba. Da gari ya waye mutane suka zo, amma ba jaje ya kawo su ba. Kowa ya sunkuya ya ɗauki dutse guda daga harsashin, ya juya ya hau, Ɗanliti yana tsaye yana kallo.

Na taɓa tambayarta, “Iya, Ladi ba ta yi zunubi ba?”

“Kai maigida, ci masararka. Ta taɓa shi? Ruwan na Allah, gangaren na Allah. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.”

Na girma, na zauna gaban malamai, na san cewa wanda aka zalunta yana da ikon ramawa daidai da abin da aka yi masa, amma yafiya ta fi lada. Na daɗe ina faɗa wa mutane haka, ina kuma ganin Iya ta cika zafi. Sai ga shi bara, a nan Gwallaga inda nake zaune, maƙwabcina ya gina shago a kan magudanar ruwan layinmu. Na yi masa magana, ya ce in bar shi ya nemi abincinsa. Ruwa ya rasa hanya ya shigo ɗakina, ya jiƙa akwatin takardun mahaifina, waƙoƙin wa'azi da ya rubuta da hannunsa cikin ajami. Tawadar ta bi ruwa. Ko baiti ɗaya ban tsira da shi ba.

Ban ɗauki diga da kaina ba. Na kai ƙara wurin mai unguwa, aka duba, aka ce a fasa a buɗe magudanar, kuma ta ƙarƙashin shagon ta bi. Ranar da aka fasa daɓen, maƙwabcin ya zo ya riƙe hannuna, ya ce, “Malam, ka yafe mini.” Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, don haka aka koya mini in ce. Amma da aka yi ruwa na gaba na fito ƙofar gida da lema, na tsaya ina kallon yadda yake ratsa tsakiyar shagon nan, na ji sanyi a zuciyata irin wanda ban taɓa ji ba. Sai da na kwana uku kafin na iya yin istigfari a kan wannan daɗin.