Taubashina a Kusurwar Kwamfuta

Shekarar da na gama makaranta na samu aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Shagon na wata Hajiya ne, ƙawar Innata, mace mai faɗa da kyauta a lokaci guda. Kwamfuta ɗaya ce gare mu, irin ta kan tebur, mai ƙaton akwati a ƙasa da ke gurnani in zafi ya tsananta. Aikina in buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki, wani lokacin har da wasiƙar ban haƙuri. Ina da saurin hannu, ina kuma da baki, Hajiya kuwa ta sha gaya mini cewa don na farkon kaɗai ta ɗauke ni.

Wata rana ta dawo daga kasuwa da wani ɗan abu baƙi, bai fi farcen babban yatsa ba, ta ce in soka shi a bayan akwatin, wai shi zai sa kwamfutar ta kama waifai daga wayarta ba sai da igiya ba. Na soka. Sai ga wata 'yar alama mai kama da mafici ta ɓullo a layin ƙasan allo, can kusurwar dama kusa da agogo. Ina danna ta wani jeri ya taso: sunayen duk waifai ɗin da ke kusa da mu, kowanne da ɗan kwaɗo a gefensa da layukan da ke nuna ƙarfinsa.

Wallahi ranar ban yi aikin kirki ba. Ashe mutanen layinmu sun daɗe suna zuba magana a cikin iska ban sani ba! Telan da ke jikin shagonmu, mutum mai fuskar salihai, ya sa wa hosfot ɗinsa, wato waifai ɗin da wayarsa ke rabawa, suna "Sayi taka data". Mai kemis ta tsallaken titi ta sa "Ban yafe ba in ka shiga". Wani da har yau ban gano shi ba ya rubuta "Babu komai a nan". Na yi ta dariya ni kaɗai har Hajiya ta tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Cikin mako guda na ƙware. In na tela ya ɓace, ya tafi masallaci ke nan. In na mai kemis ya koma layi ɗaya, ta shige ɗakin baya ta miƙe. Tsakanin kowace takarda da mai bi mata sai na leƙa kusurwar nan, kamar yadda wasu ke leƙen taga.

Wata Laraba da hantsi na danna, sai na ga baƙon suna a saman jerin, layukansa cike fal: "Mai ƙwanƙwasa kin karya?"

Mutum ɗaya ne a duniya ke kirana mai ƙwanƙwasa, saboda ƙarar da yatsuna ke yi a kan madannai. Na ɗaga labule, ai kuwa ga shi can a bencin mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana hura kofi kamar bai san da ni a garin ba. Taubashina ne, ɗan Goggo, ƙanwar Babana da ke aure a Argungu. Gidansu masunta ne, shi kuma yakan ɗauko bandar kifi a babur sau biyu a mako ya kawo wa masu sari a Birnin Kebbi. Tun ina 'yar shekara biyar yake ce mini matarsa, ni kuma ina ce masa ko maza sun ƙare. A gaban Baba muke yi, a gaban Goggo muke yi, ba wanda ya taɓa ɗaga kai, don kowa ya san maganar taubasai ba ta da nauyi.

Ni kuwa ba a ja na in yi shiru. Na ɗauko wayata na sauya sunan nawa hosfot ɗin zuwa "Ƙarnin kifi ya cika layi", na kunna. Ta labule na ga ya duba wayarsa, shayin ya sarƙe shi, mai shayi na buga masa baya. Daɗi ya kashe ni.

Haka muka buɗe sabon filin wasa. Yana da lambata, ina da tasa, amma me za a yi da tsokanar da ba mai gani? Wasan taubasai sai da 'yan kallo, kuma nan duk mai waya a layin ɗan kallo ne. Haruffa talatin da biyu kawai sunan ke ɗauka, saboda haka dole a taƙaita, a kuma wasa bakin magana. Ya sa "Sadakinki tarwaɗa biyu", na mayar da "Ko giwan ruwa ban zuwa". Ya sa "Matata ta iya zagi", na sa "Matarka na cikin gulbi". Ranar da muka yi musaya har sau bakwai kafin azahar, na danna kusurwar na tarar tela ya sauya nasa zuwa "Ku yi aure mu huta". Mai kemis ta bi bayansa da "Akwai maganin hawan jini". Hajiya ta leƙo ta kafaɗata ta karanta jerin tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Wagga kwamhuta don aiki nis saye ta, ba don zance ba." Amma Laraba na zagayowa ita ce ta fara tambayata, "Ke, mai kihin ya zaka?"

Ban san lokacin da na fara gane ranakun mako da jerin nan ba. Laraba da Asabar nakan ɗaura ɗankwalin da ya fi kyau, in ce wa kaina saboda masu kawo aiki ne. In na danna ban gan shi ba sai in ji shagon ya ƙara zafi. In ya ɓullo da layi ɗaya na san ya shawo kwanar layin, in ya kai uku yana jingine babur, in ya cika ya zauna. Ina jin bugun ƙirjina yana hawa tare da layukan nan. Sau ɗaya na buga wa wani bawan Allah katin suna na rubuta tarwaɗa a wurin sunan unguwa, sai da aka sake.

Ana cikin haka wata Juma'a Baba ya dawo daga gonar shinkafarsa ta Zauro, ya ci abinci, ya kira ni. Ya ce wani malamin makaranta daga Badariya ya turo manyansa suna neman izinin ya riƙa zuwa wurina. Mutumin kirki ne, an bincika. "Ba ni yi miki tilas," in ji Baba. "Ki yi shawara da zucciyarki. Juma'a biyu in ji amsa, don ba a barin mutanen kirki tsaye."

Nan na gane na shiga uku. Ina son taubashina, ranar na faɗa wa kaina ƙarara. Amma shi fa? Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana ce mini matarsa a gaban kowa, da wane baki zai faɗa in san wannan karon da gaske yake? Duk kalmar da ake neman aure da ita mun riga mun cinye ta a wasa. In na ƙi malamin na zauna jiran wasa, na zama abin dariyar dangi. In na amsa masa alhali wancan da gaske yake, na cuci kaina har abada.

Asabar ya zo, muka yi tsokanarmu kamar kullum. Da la'asar na rufe ido na sa "An zo nemana daga Badariya". Na zuba wa kusurwar ido. Sunansa ya tsaya yadda yake na ɗan lokaci, sannan ya ɓace daga jerin.

Laraba bai ɓullo ba. Asabar ma haka. Na danna alamar nan har Hajiya ta ce zan huda allon. Tela ya sa "Ina mai kifi?", na ji kamar in je in kashe masa keken ɗinki. In kira shi a waya? Ni? Allah ya sawwaƙe.

Ran Lahadi aka yi sunan jikar Goggo, muka shiga mota ni da Inna zuwa Argungu. Duk tsawon hanyar ina jera maganganun da zan yaɓa masa. Muna shiga gidan, ƙamshin miyar kifi da hayaƙin banda suka tarbe mu, ga shi tsaye a tsakar gida yana sauke buhun shinkafa. Da, da ya hango ni zai ɗaga murya ya ce a ɓoye tukwane 'yar birni ta iso. Ranar sai ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa a gaban Inna, ya ce, "Sannunku da zuwa. An zo lahiya?" Inna ce fa, wadda yake fizge wa goro a hannu! Ni kuwa ko kallon inda nake bai yi ba. Ya miƙe ya fice, ban ƙara ganinsa ba har muka taso.

Goggo ma ta sauya. Maimakon ta tura ni wankin kwanuka yadda ta saba, sai ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma a ƙuryar ɗaki, aka kawo mini tuwon shinkafa a kwano mai murfi. Matan gidan na leƙowa suna ƙus-ƙus suna dariya. Na ce shi ke nan, ya samu mata a Argungu, kowa ya sani, an mai da ni baƙuwa ana tausaya mini. Na ture kwanon gefe. A mota na juya fuskata wajen fadama na yi kukana, Inna na gefena tana ta murmushi, abin da ya ƙara ƙona mini rai.

Duk wata yarinyar ƙauye da ta ga abin da na gani ranar, da tuni ta gane. Ni da nake taƙama da karatu, na saba karanta mutum a kusurwar allo, da aka ajiye mini maganar a gabana ba rubutu sai na kasa.

Ran Laraba, saura kwana biyu in ba Baba amsa, na zo shago da tsohon ɗankwali da zuciya a wuya. Na duba jerin, ba ya nan. Na ɗauko waya na rubuta "Malamin Badariya ya yi nasara", na kunna, don duk layin su gani su huta. Sannan na ja wata takardar haya na hau bugawa kamar zan fasa madannan.

Ban kai ƙarshen shafi ba Hajiya, wadda ke riƙe da tata wayar, ta ce, "Ke ɗiyag ga, duba kusurwarki."

Na danna. Can ƙarshen jerin, da layi ɗaya tak mai ɓullowa yana ɓacewa, ga wani suna: "Kunya ta, ba ƙiyayya ta ba". Na ɗaga labule, bencin mai shayi ba kowa. Ashe duk kwanakin nan yana zuwa, sai dai ya tsaya can bayan kemis inda ba zan hango shi ba, wayarsa a kashe. Ina cikin kallo sunan ya sauya: "Mun ga Kawu tun ran Talata".

Kawu, wato Babana, Talatar kuwa ta makon jiya ce, tun kafin ranar sunan. Sai komai ya faɗo mini a lokaci guda: takalmin da ya cire, durƙuson, sabuwar tabarma, murmushin Inna. Ba a wasa da surukai, ba a kuma tsokanar wadda aka je nema. Ranar da ya daina wasan, ranar ya faɗi maganar, ni ce ban ji ba. Daga baya na ji cewa ya je da ƙannen mahaifinsa biyu, ya ƙi cin abinci a gidan da ya saba sa hannu a kwanon Baba. Baba kuwa ya yi shiru da maganar har zuwa Juma'a, don kada in ji ɗan ƙanwarsa ne in ɗauka umarni ne.

Na fashe da dariya, hawaye na zuba, na rasa inda zan sa kaina. Tela ya tsayar da kekensa. Mai kemis ta fito bakin ƙofa da waya a hannu, ko kunyar gulma ba ta ji. Hajiya ta dafa tebur ta ce, "To, mi kika jira? Layi duka na sauraro."

Na goge maganar malamin. Haruffa talatin da biyu suna jirana, ni da ban taɓa rasa ta cewa ba, sai na nemi tsokana ɗaya na rasa. Abin da ya kama shi ne ya kama ni. Na rubuta "To", na kunna, na ƙirga goma a raina, na kashe wayar, na cusa fuskata cikin mayafi.

Hajiya ce ta ja linzamin kwamfutar ta danna kusurwar a madadina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Layukanai sun cika. Shina bakin ƙohwa."