Mushe Maiwada, Mai Fasa Kalmomi

Kowace safiya ɗan kabu-kabu yakan sauke Mushe Maiwada Talle a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani ta Jiratawa. Mushe, wato Monsieur, haka muke kiran malamin boko a nan Nijar. Sai ya zauna da sandarsa yana kallon ruwa. Shanyewar ɓarin jiki ce ta ɗauke masa magana bara, jim kaɗan bayan ya ajiye alli. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da ilimin halittu a Maraɗi da Tsibiri, yau ko sunan matarsa Rabi ba ya iya kira. Abin akwai ciwo.

Ɗalibansa sun san halinsa. Ba ya barin kalmar Faransanci ta wuce sai ya fasa ta kamar gyaɗa. "Parazit daga Girkanci take," in ji shi. "Para, gefe. Sitos, hatsi. Wanda ya zauna gefen akushinka yana ci, ba ka gayyace shi ba." Aji ya kwashe da dariya, kowa ya tuna wani ɗan'uwansa.

Amma idan aka zo kan tsargiya, fuskarsa takan canza. Ƙanensa Ilyasu ya taso yana fitsarin jini, manya suka ce alamar zama namiji ce, har ana zolayarsa. Tsutsar cutar ta ci mafitsararsa a hankali, ya rasu da ɗanyen aure. Tun daga nan Mushe yake bin gidajen Jiratawa ran hutu, da dodon-koɗi a kwalba, yana nuna inda tsutsar take girma kafin ta shiga jikin mai wanka. An sha cewa boko ya taɓa shi.

Kai ne ka raba mu da wannan kuskure, Mushe. Mun kuma san fargabarka: kada a koma gidan jiya yanzu da ka yi shiru.

Kwanan baya wani manomi ya tsaya kusa da shi yana alfahari ɗansa ya fara fitsarin jini. Mushe ya buɗe baki, babu abin da ya fito, sai hawaye. Talatu mai zogale, wadda ta sha jin bayanin Mushe, ta ajiye kwanonta, ta fuskanci manomin.

"Wane namiji, Malam? Baƙo ne ya shige shi, mai ci gefen akushi. Ka kai shi likita tun yau."

Mushe ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

Mun gode, Mushe, Allah ya ba ka lafiya. Mu da muka ji daga gare ka, bakinka yana wurinmu yanzu. Kada mu rufe shi.