Ƙwallon da Baba ya rantse ba ta shiga ba

Shekarun baya, ina sabuwar gama karatu, wani kamfani ya ɗauke ni aikin talla. Abin da suke tallatawa gida ne na dattawa a wajen unguwar Bani Malik da ke Jidda, mai ɗakuna masu tsabta, da masallaci a ƙasa, da nas kullum, da tsakar gida mai inuwa. Sun ɗauke ni ne don ina jin Hausa, suna so saƙonsu ya kai ga tsofaffinmu. Abin da ban gaya musu ba shi ne Hausar tawa ta haihuwar Jidda ce: in na fara magana da ita, Larabci ne ke ƙarasa mini.

Tallan farko da na haɗa, ni kaɗai ya burge. Na ɗauki hotunan gadaje da na'urar sanyaya ɗaki, na ɗora muryata a kai ina cewa a zo a huta. Ko mutum ɗaya bai kira ba. Sai dai gwaggona, ita ma faɗa ta kira ta yi mini.

Ta ce, "Yanzu ke duk aikin duniya ki rasa na yi sai tallan inda ake ajiye iyaye? Mu a gidanmu tsoho a ɗakinsa yake tsufa."

Maganar ta tsaya mini a rai, don a lokacin nawa tsohon yana ɗakinsa, amma ban ce yana jin daɗi ba. Tun rasuwar mahaifiyata, Baba ya daina fita sai masallaci. In kai masa shayi, in dawo in tarar ya huce bai taɓa ba. Mutumin da a da ake jiyo dariyarsa daga matakala ya koma "to" da "a'a".

Da shugabana a wurin aiki ya ga ba kira, sai ya ce, "Halas, ya isa haka, bar hoton gado. Nemo wani daga mazauna gidan ya ba da labarinsa da bakinsa."

Na zaɓi wani dattijo da kowa ke kira ammu, wato baffa. Tsohon direban motar alhazai ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna aiki a wasu garuruwa, shi da kansa ya zaɓi zama a gidan. Na zaunar da shi a tsakar gida, na saita waya, na ce, "Ammu, gaya mana yadda kake jin daɗin zama a nan."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Shi ke nan.

Na ce, "To, me ka fi tunawa a rayuwarka?"

Nan fa bakin ya buɗe. Ba gidan ya ambata ba, ba nas ba, ba abinci ba. Wasan ƙwallo ya ɗauko, na zamanin da suke samari, 'yan unguwar Ammariyya da 'yan unguwar Bagdadiyya, a filin ƙasa, ba raga sai duwatsu biyu da aka ajiye. Ya miƙe tsaye yana nuna yadda ya yanke mutum uku, ya buga da ƙafar hagu ana dab da kiran magariba, gola ya faɗi can, ƙwallo ta shige nan. Har hularsa ta faɗi. Da ya gama ya kalli wayar yana haki ya ce, "In akwai wanda ya ga wasan nan yana raye, ya zo mu sha shayi. Ina nan."

Na koma ofis ina jin na ɓata yini guda. Amma ba ni da wani abin nunawa, sai na sa sunan gidan a ƙarshe na tura a wayoyin jama'a, na jira a kore ni.

Kwana kaɗan bayan haka, ina wanke-wanke da la'asar, sai ga Baba a bakin kicin riƙe da waya. Wani ɗan masallacinsu ne ya turo masa.

Ya ce, "Ke kika ɗauki wannan?"

Na ce a raina shi ke nan, zai ce ina shirin kai shi can ne. Na ce, "Ni ce, Baba, amma aiki ne kawai, wallahi ba..."

Ya ce, "Ƙarya yake yi. Ƙwallon nan ta bayan dutse ta bi. Ni ne golan."

Na tsaya da soso a hannu. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya buga ƙwallo ba. Ya ce, "Yalla, ɗauko mukulli ki kai ni."

A hanya ya yi magana fiye da duk wadda ya yi a watannin nan. Muna shiga tsakar gidan ammu ya ɗago, suka kalli juna. Baba ya yi sallama, aka amsa, ko gaisuwa ba su ƙarasa ba ya ce, "Shekara da shekaru kana yawo da ƙwallon da ba ka ci ba, yanzu har a waya?"

Ammu ya ƙura masa ido, sai ya daka tsawa: "Kai ne! Gola mai rariyar hannu!"

Baba ya tuɓe takalmansa ya ajiye su a matsayin duwatsun, ya tsaya a tsakani. Ammu ya nuna inda ya tsaya ya buga. Mazauna gidan suka fito suka kewaye su, nas ta leƙo tana tambayata ko lafiya. Suna cikin musu sai ammu ya tambayi labarin mahaifiyata, don ya san gidansu tun suna yara. Baba ya gaya masa ta rasu. Suka rungume juna, duka biyun suna share ido da gefen rawani. Aka kawo shayi da na'ana'a, Baba ya shanye ya miƙa kofi a ƙara masa.

Ashe ba shi kaɗai ya gani ba. Cikin makon nan tsofaffin 'yan wasa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani da sanda, wani ɗansa ya kawo shi, kowa da tasa shaidar. 'Yan Ammariyya suka ce ta shiga, 'yan Bagdadiyya suka ce ko kusa. Wanda ya yi alƙalanci ranar ya riga mu gidan gaskiya, aka yi masa addu'a, sannan wani ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙansa, shi ma bai gani ba."

Ba wanda na yi wa bayanin ɗaki. Su da kansu suka zaga suka gani. Wani da ke zaune shi kaɗai a saman bene, gwiwa ta hana shi sauka, ya dawo gidan da zama. Bayansa wani ya biyo. Shugabana ya riƙa yabona a gaban mutane yana cewa na san sirrin talla, ni kuwa na karɓi yabon.

Baba bai koma can ba, kuma ban taɓa cewa ya koma ba. Yana ɗakinsa har yau. Sai dai kullum bayan la'asar yakan sa turare ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran wanda zai kai shi. Ni abin da na koya shi ne, tsoho ba gado mai laushi yake nema ba. Yana neman wanda ya san shi tun yana iya gudu, wanda zai ce masa ƙarya kake yi su yi dariya.

Kwanakin baya muna dawowa a mota na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, ƙwallon nan ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Ya kalli titi ya yi murmushi. Ya ce, "Ta shiga mana. Ta tsakanin ƙafafuna ma ta bi. Amma in na yarda yau, gobe me zan je yi?"