Gajeriyar Kaca

Keken na fara gani kafin in ga yarinyar. Yana rataye da ƙugiya a rumfar wani mai gyaran kekuna a Muchia, shuɗi, siriri, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa ba su fi kaurin babban yatsana ba. Faci na je a yi wa tsohon kekena. Ina tsaye baki buɗe sai ga ta ta fito da kwanon abincin mahaifinta, ta ajiye, ta dube ni sau ɗaya, ta koma ciki. A littattafan soyayyar da nake haya a bakin kasuwar Samaru, kallo ɗaya irin wannan ya isa a gina shafi ɗari a kansa, ni kuwa a lokacin babu abin da na karanta a duniya kamar su.

Ina aiki a wani shagon buga takardu a Samaru, ina buga wa ɗalibai aikin makaranta. Daga ranar nan kekena ya shiga lalacewa duk mako. Yau birki, jibi sirdi.

Mai rumfar dattijo ne. Aikin jirgin ƙasa ya kawo iyayensa daga kudu, a Sabon Gari aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Kowa Baba yake ce masa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, don haka da yatsu yake yawancin aikinsa.

"Malamin soyayya," in ji shi ran nan, don ya lura da littafin da ke aljihuna, "yau kuma me ka kwance da hannunka?"

Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna shuɗin keken da haɓa. "Tunda ƙafarka ta iya Samaru zuwa Muchia kullum ba dalili, zo in ba ta dalili."

Shi ya harhaɗa keken da kansa, ƙarfen jiki daga nan, ƙafafu daga can, cikin shekaru. Duk ƙarshen damina akwai tseren da mahaya keke suke shiryawa: a tashi daga Sabon Gari, a bi Kwangila da Samaru da Shika har Giwa, a juyo. Hanya ce mai hawa da gangara, duk inda rafi ya ratsa sai ka sauka ka sake hawa. A bayan mahayi na ƙarshe akwai a-kori-kura da ke binsu a hankali. Dokar ita ce, duk wanda motar ta iske a tsaye, za a loda shi da kekensa, tserensa ya ƙare. Sau uku Baba yana ba wa samari shuɗin keken, sau uku yana dawowa a bayan motar. Har masu gyaran da ke layinsa suka raɗa wa keken suna fasinja.

"Oga, bana kujerar gaba za a kama wa fasinjan ko ta baya?" maƙwabcinsa, wani dogo mai gyaran babura, yakan ɗaga murya ya tambaya.

Baba yakan ci gaba da aikinsa. Amma da ya miƙo mini keken, sai ya rage murya. "Ba na neman ka zo na ɗaya. Ba ma za ka zo ba. Ka dawo mini da shi a kan ƙafarsa kawai. Likita ya ce baɗi war haka ba lalle in bambance shuɗi da baƙi ba."

Na ce to. A raina kuwa har na hango yarinyar a wurin ƙarewa, da farin hankici a hannu, idanunta sun ciko.

Wata biyu ina koyo. Fedar keken tana da maɗaurin fata da Baba ya yanka daga tsohuwar ɗamara, ka zura ƙafa ka ja ya matse, don kada ƙafar ta zame a hawa. Kafin ka tsaya, dole ka sunkuya ka sassauta shi da hannu. Ya kuma ɗaura wani ƙullin tsumma a ƙarƙashin sirdi: sifana ƙarama, ƙusa, da notin ƙarfe ɗaya mai rami. Wata yamma ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake rage tsawon kaca idan abin canja giya ya lalace a hanya. Yana magana, 'yarsa kuwa tana shanya kaya a tsakar gida, ƙofa a buɗe. Na riƙa cewa "Na gane, Baba," a duk inda ya numfasa.

Ranar Asabar aka yi. Mun fi hamsin a wurin tashi, wasu da riguna masu sheƙi daga Kaduna da Jos, ni da gajeren wandon ƙwallo na aro. Kafin mu kai Samaru 'yan gaba sun ɓace mini. Bayan Shika rana ta buɗe, irin zafin nan na kaka mai ɗanɗanon ɗanyar dawa. Na kai Giwa, aka shafa mini shuɗiyar tawada a hannu alamar na iso, na juyo. Tun daga nan na fara waiwaye. Duk hawan da na gama, in na duba baya, sai in ga farar motar ta ɓullo a kan hawan da na bari. Ta riga ta kwashi mutum biyar ko shida, suna zaune a baya sun rungumi kekunansu.

Akwai wani dogon hawa kafin a shigo Shika. Mu biyu ne muka rage a ƙarshe, ni da wani saurayi mai jar hula. Mun ci rabinsa ke nan sai ga mutane sun ɓullo daga sama, sun cika hanya, suna gangarowa da sauri ba mai magana. Makara ce a kafaɗunsu, an rufe da tabarma.

Mai jar hula ya sunkuyar da kai ya ratsa ta gefe ya wuce. Ni kuwa ban yi wani tunani ba. Mahaifina malamin coci ne a ƙauye, kuma tun ina ƙarami ya koya mini cewa ba a wuce gawa a kan keke, ta Musulmi ce ko ta Kirista. Sauka ake yi a tsaya. Jikina ne ya yi abin da ya saba. Na matse birki, na ɗaga ƙafa zan wurga ta bayan sirdi.

Ƙafar ba ta zo ba. Tana ɗaure.

Na faɗi ta dama, ni da keken gaba ɗaya, a gaban masu makara. Wani tsoho ya fita daga layi ya kwance mini maɗaurin, ya ɗaga ni. "Sannu, ɗana. Allah ya ba da lada," ya ce, ya bi 'yan'uwansa. Na tsaya kai a ƙasa har na ƙarshensu ya wuce, jini yana bin gwiwata.

Sai na duba keken. Abin canja giya na baya ya lanƙwashe ya shige cikin wayoyin ƙafa, kaca ta cije. Na murza feda, ko motsi.

Na duba ƙasa. Motar ta iso gindin hawan, daidai inda maƙabartar ƙauyen take a bakin hanya. Ta yi gefe ta tsaya don masu gawa. Sai na ga ƙofar direba ta buɗe, ya fito, ya gyara hularsa, ya bi bayan makarar cikin maƙabarta. Nan na san iyakar lokacin da nake da shi: daga yanzu zuwa a rufe kabari.

Na kwance ƙullin tsumma. Na cire lanƙwasasshen ƙarfen da sifana. Saura kaca. Me Baba ya ce? A ɗora gaɓar kaca a kan ramin noti, a sa ƙusa a kan ɗan fil ɗin ƙarfen da ya haɗa ta, a buga da dutse. Wannan na tuna. Na buga, na buga, na ƙara da ƙarfi, sai fil ɗin ya fita fit, ya faɗa cikin yashi. A nan muryar Baba ta dawo mini sarai, tare da ƙarar bokitin wanki a tsakar gida: "Kada ka fitar da shi duka. In ya fita, ba ya komawa."

Usur ya tashi daga ƙasa. Jami'in tseren ne, mai jiki, da takarda a hannu, ya gaji da jiran direba ya taho da ƙafa.

"Kai mai shuɗi! Ka fita! Sauko da keken nan!"

"Yallabai, mota ce ke kwashewa, ba ta iso ba!"

"Ni ne motar!"

"Yallabai, ga ta can a tsaye!"

Ya ci gaba da hawowa yana haki, yana tsayawa yana dafa gwiwa. Na matsa gaɓa ta gaba, na riƙa bugawa a hankali kamar mai fasa ƙwai. A maƙabarta na hango sun sunkuya, ƙasa tana tashi. Abin da na roƙa a zuciyata har yau ina jin kunyarsa: na roƙi Allah ya sa su daɗe. Mutum ya rasa ransa, iyalinsa suna kuka a gida, ni kuwa ina roƙon ƙasar kabarinsa ta yi tauri.

Fil ɗin ya fito ya tsaya a bakin raminsa. Na raba kacar, na haɗa, na buga ta koma. Amma saboda gaɓar da na ɓata, ta gajarce fiye da yadda ya kamata. Ba ta hau ko'ina ba sai ƙaramin haƙori, giya mai nauyi, wadda ake takawa a miƙaƙƙiyar hanya, ba a hawa ba.

Injin motar ya tashi. Jami'in ya rage taku goma ya iso ni. Na zura ƙafa ɗaya, na tura, na miƙe tsaye a kan feda da duk nauyina. Keken ya yi kamar zai koma baya, ya yi rawa, sannan ƙafar ta juya. Ta sake juyawa.

Daga nan har Sabon Gari ban sake waiwaye ba, don ba na bukata. Ina jin injin a bayana kamar numfashin bijimi. A kowane hawa sai in miƙe in riƙa karkata hagu da dama, idanuna suna ganin duhu-duhu, ina sauraron kacar, don na san ɗaurin dutse da ƙusa ne ke riƙe da ita.  Jami'in yana faɗa a cikin mota cewa tafiyata da tsayuwa duk ɗaya ne. Direban kuwa ya leƙo ta taga.

"Taka, ɗan'uwa, taka! Muddin ƙafar nan tana juyawa ba ruwana da kai!"

A Samaru cinyata ta dama ta ɗaure kamar an zura ƙarfe. Na wuce ta gaban shagonmu, abokan aikina suna ihu suna kiran sunana, ban iya ko ɗaga hannu ba. Ban tuna da farin hankici ba. Tun daga hawan Shika ban tuna da yarinyar ba ko sau ɗaya, sai daga baya na lura da haka. Fuskar Baba kawai nake gani, da yatsunsa.

Da na shigo wurin ƙarewa an riga an ba da kyaututtuka, ana kwance rumfa, ana tara kujeru. Baba yana zaune a kan benci shi da dogon maƙwabcinsa. Ya ji ƙarar motar, ya miƙe, ya sa hannu a goshi yana ƙifta ido.

"Me kake gani?" na ji yana tambaya. "A sama yake ko a ƙasa?"

Dogon ya miƙa wuya ya duba. "A ƙasa yake, Oga. Motar ce ke bin sa."

Wannan karon na tuna na sassauta maɗaurin. Na sauka, na zauna a kan kwalta. Baba bai ce mini sannu ba. Ya durƙusa gaban keken, ya bi kacar da yatsu gaɓa bayan gaɓa, har ya iso wurin ɗaurin. Ya daɗe a nan.

"Ka ɓata ɗaya," ya ce.

"Na ɓata, Baba."

"Ai na sani ba ni kake kallo ba ran nan." Sai ya juya wa dogon baya, ya goge fuska da hannun riga.

Yarinyar kuwa ba ta zo ba. Da yamma da na raka Baba gida ina ɗingishi, ta dawo daga koyon waƙar coci, ta dubi gwiwata ta ce, "Laa, Malam, ashe yau ne?"

Shekaru da yawa bayan haka na kai mahaifiyata asibiti a Shika, sai wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya ta dube ni ta ce, "Malamin soyayya?" Ashe 'yar Baba ce, ta yi aure, 'ya'yanta uku. Na tambayi Baba. Ta ce idon ya tafi gaba ɗaya tun shekarar da ta biyo tseren, ya rufe rumfa, yanzu yana wurinta a Hanwa. Kayan aikinsa duk ya rabar, sai shuɗin keken, yana rataye a barandarta. Mijinta ya taɓa sayo sabuwar kaca zai sa masa, Baba ya hana. Ta ce duk baƙon da ya zo gaishe shi, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin keken, ya ɗora yatsan mutum a kan ɗaurin nan, sannan ya yarda a zauna a gaisa.